Dutsen da Ya Faɗo a Gonar Yaya

Mutane sun zo gaisuwar Yaya fiye da yadda na zata, amma a waje suka zauna. Mun shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanta, cikin inuwar rumfa, ba wanda ya hau. Suka jeru a gindin tsamiyar ƙofar gida, wasu kan duwatsu, wasu a tsugunne, rana tana dukan rabinsu. Ɗiyarta da ta zo daga Dandume ta ɗebo ruwa a randar uwarta ta zagaya da shi, kowa ya ce ya gode, yanzu ya sha.

Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Sannu da haƙuri, Auta. A ɗaka ta cika, ko?"

Na ce, "A ɗaka, Iya, kan gadonta."

"Ba a ji komai ba? Ko ɗan rugugi?"

"Kaka muke ciki, Iya. Ina hadari?"

Ta jinjina kai ta ce, "Ikon Allah. To, halan ta yafe mata."

Aradu take nufi. Ƙanin mijin Yaya yana gefe yana jin mu, ya ce ba yafewa ba ce, jinkiri ta yi har mutuwa ta riga ta. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, sannan suka tuna inda suke suka gimtse.

Ni karatuna na ajin manya ne, da gemuna na koyi baƙi, kuma aikina a gidan gurzar auduga na Funtuwa bai wuce tsaron sikeli ba. Amma na ga in ban rubuta ba, wannan dariyar ce za ta rage a bakin mutane idan an ambaci Yaya. Shi ya sa na zauna.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta. Uwarmu ta rasu ban daɗe da yaye ba, saboda haka bayan Yaya na sani, ban san wani ba. Mu Maguzawa ne na wata unguwa kusa da Ƙarfi, noma muka gada. Da muka girma muka watse: wana ya musulunta ya koma Malumfashi, ni na bi masu bishara. Ita ta zauna inda aka haife ta. Takan ce, "Ku tafi, ai dole wani ya tsaya ya kula da na gida." Ni kuwa in na zo sai ta sanar da maƙwabta, "Ga Auta nan, mutumin gidan waƙa ba giya."

Mace ce mai murya. In tana magana a gonarta ana ji a gonar gaba, kuma ba ta gama zance ba ta ce "Aradu!" ba, kamar yadda mutanenmu suke rantsuwa. Daddawarta ta yi suna har kasuwar Malumfashi. In ta kira gayya, samari kan bar ta wani su zo tata, don sun san tuwo zai wadata, miya za ta ji kalwa, tulun giya ba zai yi saurin ganin gindi ba. Gidanta bai taɓa rabuwa da mutane ba. Ina faɗin wannan ne don wanda bai san ta sai a ƙarshe ba ya san daga inda aka faro.

Da mijinta ya rasu, rigima ta tashi tsakaninta da ƙaninsa kan wata ɗorawa da ke bakin iyakar gonakinsu. Ita ta ce mijinta ya ba ta gonar har da itacen, shi ya ce itacen na gandu ne. Dattawa suka yi, suka gaji, aka ce sai a sha aradu. Ga wanda bai sani ba, a wurinmu Sarkin Maƙera yana ajiye wani ɗan dutse mai santsi, mai siffar bakin gatari, wanda ake cewa shi tsawa take jefowa. In gardama ta ƙi ƙarewa sai a wanke shi cikin ƙwarya, mai rantsuwa ya sha ruwan, ya ce in ƙarya yake yi aradu ta faɗa masa. Daga nan sai a zuba ido. Yaya ta karɓi ƙwaryar ta shanye, ta goge baki, ta ce wa ƙanin mijin, "Ko in rage maka?"

Damina ta zo ta wuce. An yi tsawa, an yi walƙiya, ko kazarta ba ta mutu ba. Mutane suka fara cewa lallai da gaskiyarta.

Sai da kaka, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, abin ya faru, da rana tsaka. Ga yadda ta ba ni labari, kuma ba ta taɓa sauya shi ba. Tana tsinkar auduga, sama fes kamar an wanke ƙwarya. Ta ji wata ƙara daga nesa kamar an kifar da ganguna, sai wani fito kamar na shaho ya kawo sura, sai ƙasa ta girgiza ƙarƙashin ƙafarta. Ƙura ta tashi kusa da ita, tsakaninta da ɗorawar nan. Da ta lafa, ta ga rami, a cikinsa baƙin dutse wanda bai kai kan jariri ba. Bayansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, inda ya ɓantare kuwa cikinsa launin toka. Da ta taɓa shi, ta ce, ɗumi kawai yake da shi, kamar ƙwai da kaza ta tashi a kai.

Kafin la'asar unguwa ta hallara a bakin gonar. Ba wanda ya tsaya dogon tunani. Mace ta sha aradu kan itace, ga abu ya faɗo daga sama a gindin itacen, me ya rage? Aka ce ta yi ƙarya, aradu ta kuskure ta, kuma za ta dawo ta ƙarasa.

Yaya ta ce, "Ku ɗaga kai ku duba! Aradu ba hadari? Tun da uwayenku suka haife ku kun taɓa gani?"

Aka aika wa Sarkin Maƙera, don shi kaɗai ke da ikon ɗauke abin da tsawa ta jefo. Ya zo, ya tsuguna, ya daɗe yana dubawa. Ya fito da nasa gatarin ya ajiye kusa da shi. Ko makaho ya shafa ya san ba danginsu ɗaya ba.

Yaya ta ce, "Sarki, faɗa masu. Naku ne?"

Ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, "Ban san shi ba. Abin da ban sani ba kuwa ba na ɗauka."

Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ta fi ƙarya yi mata ɓarna. Aka ce abin da ya gagari maƙeri ai ya wuce aradun da aka saba. Da kowa ya watse, ita ta sa hannu ta ciro shi, ta aza a kan kwandon audugarta, ta kai gida ta ajiye a gindin rumbu. Baƙo take ce masa. In an ce ta yar, sai ta ce, "Don baƙo bai faɗi garinsu ba sai a kore shi?"

Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta daga unguwa. Abu biyu kawai aka daina. Aka daina cin abin hannunta, don an ce wanda ya ci hatsin mai rantsuwa ya shiga cikin rantsuwar. Aka kuma daina zama kusa da ita in hadari ya haɗu. Da rani ana gaisawa da ita har a ɗan yi raha daga bakin zaure. Amma da gabas ta yi duhu, sai ka ga mata suna janye 'ya'yansu, masu noma kusa da ita suna saɓa fartanya. In ruwa ya kama ta a hanya ta fake a wata bukka, na ciki sukan fita su tsaya cikin ruwan. Da ta lura, ita ta daina fakewa. Ta kira gayya sau ɗaya bayan haka, ta tuƙa tuwo kamar yadda ta saba, awaki suka ci. Ba ta ƙara kira ba. Kalmar nan ma da take rantsuwa da ita ta fita daga bakinta, har maganarta ta zama kamar miya ba gishiri.

Ni kuma fa? Ni ne mai cewa na bar waɗannan abubuwa. A majami'a har tashi nake in ce tsafi ba shi da iko a kan wanda ya ba da gaskiya. Amma in na je gidan Yaya ta ajiye mani akushi, hannuna ba ya zuwa. Sai in ce na ƙoshi, ko cikina ba daɗi, ko in ce ta ƙulle mani zan ci a mota. Takan ƙulle, da daddawa a gefe don uwar yara. Ba a taɓa kai shi Funtuwa ba. Na gaya wa kaina wai gudun surutun 'yan majami'a nake, kada a ce ina ci a gidan da ake ajiye dutsen tsafi. Ba haka ba ne. Tsoro nake ji. A ƙarƙashin tsoron kuma akwai abin da ya fi shi muni, don ban taɓa tambayarta maganar ɗorawar nan ba, kuma na san dalilin da ya sa ban tambaya ba: ni ma a raina ina shakkar gaskiyarta.

Ita ba ta zauna jiran tausayi ba. Abu ɗaya ta sa a gaba: a gaya mata daga ina dutsen ya fito. A ganinta, ranar da aka san garinsu, ranar za a san ba aradu ta aiko shi ba, mutane su dawo su ci tuwonta.

Ta tambayi wana na Malumfashi. Ya ce malamai sun ce ana jifan shaiɗanu da taurari in sun je satar jin maganar sama. Ta ce, "To, a gonata ka ga shaiɗanin, ko ni ce?" Ya ce shi dai abin da ya ji ke nan.

Ta matsa mani sai da na kawo mata malamin makarantar mishan, wani saurayi mutumin wajen Zariya. Ya juya dutsen, ya auna nauyinsa a hannu, murna ta kama shi kamar an yi masa haihuwa. Ya ce ya karanta irinsa. Akwai duwatsu masu yawo can sama, nesa da inda hadari yake tsayawa, wani lokaci ɗaya ya ratso ya faɗo, zafin gudu ya ƙona bayansa.

Yaya ta gyara zama ta ce, "Madalla. Daga jikin me ya ɓalle?"

"Wasu masana sun ce ragowar wata duniya ce da ta fashe, wasu sun ce duniyar ce ba ta samu haɗuwa ba tun farko."

"Wa ya fasa ta?"

"Ba a sani ba, Iya."

"Sauran da ba su faɗo ba, me ke riƙe da su?"

Ya ce akwai wani ƙarfi da ke jan kowane abu zuwa ga ɗan'uwansa, shi ke sa su kewaya rana ba su watse ba. Ta ce igiyar fa, da me aka tufka ta? Ya yi dariya ya ce an san lissafinta, ba a san ko mece ce ita ba.

Ta dube ni ta ce, "Auta, wannan ma Sarkin Maƙera ne, wando kawai ya sa."

Duk da haka ta ji daɗinsa, ta roƙe shi ya faɗa wa mutanen unguwa. Ya tara su a gindin tsamiya ya yi bayani har da zane a ƙasa. Suka saurara da ladabi. Da ya gama, ƙanin mijin Yaya ya ce, "Malam, mun ji. Daga nan har Dandume gona nawa ce? Me ya sa ya tsallake duka ya zaɓi gindin ɗorawar nan?" Malam ya ce dacewa ce kawai. Aka ce to, wa ya dace da shi? Taro ya tashi a inda ya zauna.

Tun daga nan ta zama mai kallon sama. Da can ba ta duba ta sai don ta ga Kaza da 'ya'yanta ta san shuka ta kusa, ko Gamzaki ta san lokacin tashi daka. Yanzu da magariba sai ta jawo kujerarta kusa da rumbu. Ita ta fara nuna mani tauraron nan mai tafiya, wanda ba ya ƙyaftawa, yana ratsa sauran a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Na ce mata a rediyo an ce Turawa ne suka harba shi. Ta ce, "Su suna jifa sama, sama tana jifo mu. Wa ya fara?" Wata rana kuma ta tambaye ni, in taurarin nan ba su ƙirguwa kamar yadda malam ya ce, kuma kowanne wuta ne, don me tsakaninsu yake da duhu? Ta ce ko a fagen sussuka, in fitilu sun yi yawa duhu guduwa yake. Na kai wa malam tambayar. Ya ce zai duba littafi. Aka yi masa canjin wurin aiki bai dawo da amsa ba.

Shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito da asuba, ita ma da kaka, mata masu zuwa rijiya suka ce ga ta can ta miƙo wajen gidan Yaya. Kowa daga ƙofarsa haka zai ga ta miƙo wajen wani, amma nata aka gani. Da tashin hankali ya biyo baya a ƙasa, har aka shiga yaƙi, na ji da kunnena wani yana cewa tun daga dutsen nan duniya ba ta sake daidai ba. Na ji, na wuce abina.

Mutum ɗaya na san tana ci da ita a ƙwarya ɗaya, wata Bafillatana mai tallar nono da suka yi ruga kusa da rafi. Ita ta ce rantsuwar Haɓe ba ta san hanyar ruga ba. A daminar da gobara ta cinye rumbun ƙanin mijin Yaya, gidansa ya shiga wani hali, ga yara ƙanana. Yaya ta riƙa ɗibar dawarta tana ba Bafillatanar, ita kuma ta kai masu a matsayin wadda ta samo musayar nono, su biya in sun girbe. Har kaka suna ci. Ni kaɗai ta gaya wa, tana dariya har da hawaye.

"Ka ga 'yan banzan yaran nan yadda suka yi kumatu? Dawar mai rantsuwa ce fa!"

Na ce, "Yaya, ki bari in faɗa, kowa ya ji."

Ta ce, "A'a. In sun ji za su amayar da abin da ya riga ya zama jini. Bar su." Sannan ta ɗan tura akushi wajena da yatsan ƙafa, ba ta dube ni ba. Na ce mata azumi nake. Fulanin ma da rani suka tashi.

Ganina da ita na ƙarshe a daminar bana ne. Na taho takanas daga Funtuwa da labari, don rediyo ya ce mutane sun sauka a kan wata sun dawo lafiya. Na same ta tana cirar ciyawa, ta rame, amma muryar tana nan. Na gaya mata. Ba ta yi gardama ba kamar sauran tsofaffi.

Ta ce, "Me suka tarar?"

"Ba kowa. Ba ruwa, ba itace. Ƙura da duwatsu."

"Me suka kawo tsaraba?"

"Duwatsun."

Ta ajiye fartanya ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. "Wato sun ƙona dukiya sun je ɗauko abin da aka kawo mani har gona! To, da suka dawo, an ƙi cin tuwon gidansu?"

Na ce sarakunan duniya ma rububin cin abinci da su suke.

Ta ce, "Ka gani." Sannan ta ƙara da cewa, "Sun ga inda nawa ya ɓalle? Wani gurbi haka?"

Na ce ba su faɗa ba. Na ce masana suna kan bincike, wataƙila nan gaba a sani.

Ta ce, "Nan gaba."

Muka taho gida. Ta hura wuta ta aza tukunya, ta ce yau kam akwai sabuwar kuɓewa. Ina zaune na ji iska ta sauya. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi, can nesa ana rugugi. Na fara gyara hula, na ce motar Funtuwa ba ta jira, in ruwa ya sauka hanya ta ɓaci sai gobe. Tana durƙushe tana iza wuta, ba ta juyo ba.

Ta ce, "Tafi, Auta. Kada ya same ka a nan."

Na tafi. Ruwan ya same ni a hanya, ya yi mani duka, ban ji ko tsawa ɗaya ta kirki ba.

Ta girbe dawarta ita kaɗai, ta ɗaure, ta cika rumbu, sannan ta kwanta. Ɗiyarta ce ta rufe mata ido.

A al'adarmu, rumbun mamaci ake buɗewa a yi tuwo da giyar kwana bakwai. Dattawa suka taru suka ce wannan karon kowa zai kawo daga gidansa, nata kuwa a sa masa wuta, dutsen a kai shi rafi. Ƙanin mijinta ne ya fi kowa ɗaga murya. Na dube shi, na dubi 'ya'yansa da suka tasa, maganar ta zo mani har baki. Na tuna ta ce a bar su, na haɗiye. Na ce dutsen dai wanda ya iya ɗauka ya ɗauka. Ba wanda ya motsa, yana nan inda ta bar shi. Dawar kuma na ce ni ina so, a bar mani ita a matsayin rabona.

Aka ce, "Auta, kana da iyali fa."

Na ce na sani.

Na sussuke na ɗura a buhuna, na yi hayar jakuna zuwa bakin hanya, na sa a mota na kawo Funtuwa. Uwar yara ta surfa, ta niƙa, ta tuƙa mani, amma ta ce ita da yara za su ci na kasuwa, kada in ga laifinta. Ban ga laifinta ba. Wa ya koya mata?

Yanzu kullum da yamma akan kawo mani akushina daban, in zauna a zaure in ci ni kaɗai. Ranar farko na daɗe da loma a hannu kafin in kai baki. Na tauna a hankali ina jira in ji wani abu. Dawa ce. Dawa ce mai daɗi irin ta jar ƙasa, wadda aka nome a kan kari, aka shanya da kyau. Da a gabanta na ci loma ɗayar nan, da ta ishe ta.

Ubangiji ya ba ki hutawa, Yaya. Buhunan suna da yawa, ni kuma cina ya ragu, amma zan cinye.